Mafici Ɗaya a Majalisar Baba

Jama'ar zaure, kafin in ci gaba da labarina da Ɗahiru direban tifa, bari in tanka wa masu ƙorafi. Na ga ana ta cewa a nan in mutum ya rubuta abu mai ma'ana, kafin a karanta an binne shi da gaisuwa da hotuna, sababbin shiga kuma sai dai su yi ta kallo ba su cewa uffan. Wasu sun ce halin mutane ne. Ni Husaina ban yarda ba. Sau da yawa shimfiɗar ce ba ta yi ba. Na san abin da nake faɗa, don tun ina budurwa a Gyadi-Gyadi, a shekarar saba'in da bakwai, na gyara irin wannan zaman, kuma aurena ne ya rataya a kai.

Lokacin Gyadi-Gyadi bakin gari ce, gida nan, gona can. Babana Malam Inuwa hatsi yake sayarwa a kasuwar Tarauni, kuma gidanmu ne na farko da aka yi wa dakalin siminti a lungunmu. Baba yana ji da dakalin nan ba kaɗan ba. Saboda shi ne kowace Juma'a bayan La'asar mazan lungu suke taruwa a ƙofarmu, har ana ce wa wurin majalisar Malam Inuwa. Da yake ba mu da ɗa namiji a gida, ni ce mai shara da yayyafa ruwa, ni ce mai shimfiɗa tabarmi, in fito da rediyo da mafitai, sannan in koma cikin soro bayan ƙyaure in zauna da ɗinkin hulata. Ba a ganina, amma ko tari aka yi a kunnena.

Ɗahiru ɗan wani ƙauye ne ta wajen Gaya, yana haya a ƙarshen lungunmu, yana ɗauko yashi da tifar ubangidansa. Dogo ne, baƙi, ga kunya kamar amarya. Mu a zamaninmu babu wayar da za a turo wa yarinya saƙo. Nasa saƙon hon ne. In ya biyo titin Zariya da rana sai ya danna wani hon mai jan wutsiya, ni kuma ko tuwo nake tuƙawa sai na yi murmushi. Inna takan ɗago ta kalle ni ta mai da kai, ni kuwa na ɗauka hakan yarda ce.

Da maganarsa ta kai kunnen Baba, bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Ya kira ni ya ce zaɓi nawa ne amma amincewa tasa ce. Ya ce yaron nan ya shekara yana zama a ƙofarsa, in ban da sallama bai san yadda muryarsa take ba, shi kuma ba zai ba da 'yarsa ga wanda in an taɓa haƙƙinta zai sunkuyar da kai ba. Ya ƙara da cewa Lawan akawu shi ma ya aiko da gaisuwa, kuma kafin ruwan farko ya sauka zai ba kowa amsarsa. Lawan ɗin nan, Allah Ya sani ba mugu ba ne. Yana da babur Besfa, yana da wando mai faɗin ƙafa da ke share ƙasa, ga baki, in ya fara magana sai ka rantse shi ya ƙirƙiro ta. Ni dai ko a mafarki ba na son sa.

Na fito daga gaban Baba raina a ɓace. Inna tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Husaina, zo mana in ce miki…" Na ce mata ina zuwa, na shige ɗaki, ban kuma dawo ba.

Da Ɗahiru ya zo zance da yamma, na tsaya a ƙofar soro na riƙe ƙugu na wanke shi tas. Na ce mutum ya iya tuƙa ƙatuwar mota a tsakiyar Kano amma ya kasa buɗe baki a gaban tsofaffi da Lawan? Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Ba tsoro ba ne. Kafin in haɗa maganar a bakina an wuce ta an shiga wata. In na buɗe baki kuma, ƙeyar mutane kawai nake gani."

Wallahi maganar nan ta tsaya min. Juma'ar da ta biyo sai na ajiye ɗinki na sa ido ta tsagar ƙyaure, na kalli majalisar kamar ban taɓa ganin ta ba. Baba a kan dakali, rediyo a gefensa tana ta yi. Manya a kusa da shi. Tabarmi kuwa a jere suke bin bango kamar layin sallah, har can kusa da kwanar bola, kuma ni da hannuna nake jera su haka. Wanda ya daɗe a unguwa yana sama, baƙo yana ƙasa. Kowa fuskarsa na wajen dakali. Magana uku ake yi lokaci guda, ta farashin gero, ta ƙwallo, da ta kwatar da za a haƙa kafin damina, duk mai ƙarfin murya shi ke da rana. A can wutsiya mutum biyu ne zaune kullum, Ɗahiru da Ejike mai gyaran rediyo, wanda ya dawo Kano da iyalinsa bayan yaƙin basasa ya kama shago a gangaren lungun. Su biyun nan ko sun yi magana iska ce za ta kwashe. Na ce a raina, ashe ni ce na binne mijina da tabarma.

Ban gaya wa kowa ba na fara aiki. Abu na farko, na daina jera tabarmi. Na kewaya su da'ira a ƙarƙashin darbejiyar ƙofarmu, dakalin Baba ya zama ɗaya daga cikin wuraren zama kawai. Da Baba ya fito ya tsaya yana kallo, na ce masa ai zafi ya yi yawa, bango yana dafa bayan mutane, nan ne inuwa ta fi. Ya gyaɗa kai ya hau dakalinsa. Mutane suka zo suna ta dube-dube, kowa ya rasa inda sama take balle ya san matsayinsa, dole suka zauna inda suka samu. Ranar kowa ya ga fuskar kowa, na ji daɗi. Sai dai wanda ya fi kowa cin ribar abin Lawan ne. Da can rabin majalisa yake yi wa lacca, yanzu ya samu duka. Na ciji yatsa a bayan ƙyaure.

Na biyu, rediyo. Dama ta ɗan fara shaƙewa, sai na dame Baba da cewa za ta lalace gaba ɗaya in ba a kai wa Ejike ba. Da ya yarda na kai da kaina, na kuma raɗa wa matar Ejike cewa babu gaggawa ko kaɗan, ya bi ta a hankali. Ta yi dariya ta ce ta gane. Majalisa ta rage ƙara, amma har yanzu in wannan ya ɗauko kwata, wancan zai jefo ƙwallo, a tashi ba a ƙulla komai ba. Ɗahiru ya buɗe baki sau ɗaya, na gani da idona, Lawan ya taka maganar ya wuce. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, wa'adin Baba na ruwan farko yana ta matsowa.

Dabara ta uku a bakin turmi na same ta. Ana dakan suna a maƙwabta, mata uku a turmi ɗaya suna lugude, taɓarya ba ta taɓa karo da 'yar'uwarta, don kowacce ta san lokacin saukarta. Na ce to su maza me zai nuna musu lokacin saukarsu? Da na dawo gida na tattara mafitan majalisa kaf na tura ƙarƙashin gadon Inna, na bar guda ɗaya, babba mai jan baki. Inna tana zaune a bakin gadon tana kallona. Ta ce, "Wannan yaron da kike ta wahala a kansa…" Na ce mata kada ta damu, na san abin da nake yi, na fice.

An yi sa'a ranar Baba ya dawo daga kasuwa yana mita. Ya ce shi ya gaji, an yi ta zama a kan kwata ɗaya an kasa yanke komai, kansa har ciwo yake in an tashi. Na durƙusa na ajiye masa kwanon tuwo, na ce cikin ladabi ai mafitan ma duk sun yi ɓatan dabo, saura ɗaya, da za a riƙa zagayawa da shi, mai riƙe da shi ya yi fifita ya faɗi tasa, in ya gama ya miƙa gaba, da kowa ya sha iska kowa ya samu baki. Baba ya kalle ni ya ce yarinya da surutu, in tashi in ba shi wuri. Na tashi. Na san Babana, in ya ce haka to maganar ta shiga.

Saura Ɗahiru. Na zaunar da shi na ba shi karatu dalla-dalla. Na ce in mafici ya zo hannunsa ya yi sallama, ya ce shawarar Baba ta a miƙe kwata ta bi gangaren lungu ita ce daidai, sannan ya ce shi zai roƙi ubangidansa ya kawo yashin aikin. Gajeriyar magana, mai daɗi, ta yabi Baba, ta nuna shi ma namiji ne mai amfani. Na sa ya maimaita har ya daina tuntuɓe. Da zai tafi ya ɗan tsaya kamar zai ce wani abu, na ce kada ya ƙara ko kalma, ya riƙe abin da na ba shi.

Ranar Juma'ar, ko da yake ba mai ganina, na yi kwalliya ta sosai. Na ɗaura atamfata mai ganyen shuɗi, na kafa ɗaurin ɗankwali, na zizara tozali, na shafa turaren Bintu Sudan har Inna ta yi atishawa. Na share ƙofa, na yayyafa ruwa, na kewaya tabarmi, na ɗora mafici ɗaya tilo a kan dakali. Ɗahiru ya zo cikin farar kaftani da hular da na ɗinka masa, ya zauna kusa da Ejike kamar kullum. Zafi kuwa ranar ba a magana, ko ganye ba ya motsi.

Da aka fara tambayar ina mafitai, Baba ya ɗaga na hannunsa ya ce yau ɗaya ne, kuma mai riƙe da shi shi ke da magana, sauran su saurara, maganar kuma ta kwata ce ba ta ƙwallo ba. Aka yi dariya, aka ce Malam ya kawo sabon salo. Ya faɗi shawararsa ya miƙa dama. Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Tsofaffin da ban taɓa jin sun kai ƙarshen magana ba suka riƙa kaiwa. Wani mai faci da nake zaton bebe ne ashe har barkwanci ya iya. Da mafici ya zo hannun Lawan ya riƙe shi ya yi ta zuba, har da Turanci, sai da na kusa da shi ya ce zufa ta ishe shi ya miƙo. Kowa dai bayan Baba ya bi, aka ce a miƙe kwata ta gangara. Ni ina bayan ƙyaure ina bin maficin nan da ido, ina jin kaina kamar wadda ta gina gari.

Sai ga shi a hannun Ɗahiru. Duk fuskoki suka juyo gare shi, ba ƙeya ko ɗaya. Ya yi sallama, muryarsa ta fito sarai. Na lumshe ido ina bin karatun da na ba shi a zuciyata.

Ya ce, "Baba, ni baƙo ne, ɗakin haya gare ni, in ruwa ya ci ni zan iya tashi. Amma gangaren da ake cewa, ƙofar wannan bawan Allah ce. Ya fi ni daɗewa a tabarmar nan, ban taɓa jin an tambaye shi ba."

Ya juya ya ɗora maficin a hannun Ejike. Shi ke nan fa. Babu yabon Baba, babu yashi. Duk wahalar da na sha, tabarmi, rediyo, mafitai a ƙarƙashin gado, mutumin nan ya samu damarsa ya yi kyauta da ita. Allurar ɗinki ta soke ni a yatsa ban ma ji ba, don takaici.

Ejike ya riƙe maficin ya kasa fifita. Da Hausarsa tsaf, don a Kano aka haife shi, ya ce shi tun da ya dawo ya ɗauka nasa a majalisa gaisuwa ce da saurare, kuma ya gode da aka bar shi yana zama. Ya ce bara ma da babu kwata, ruwan lungu a shagonsa ya kwana, matarsa a kan teburin aiki ta ɗora yara, rediyoyin mutane ya rataye a jikin rufi. In aka haƙa hanya aka miƙo masa ruwan gaba ɗaya, to sai dai ya kwashe iyalinsa ya sake tafiya, shi kuma ya gaji da tafiya. Aka tambaye shi to ina ruwan zai bi. Ya ce akwai babban kwalbati a bakin titi, in an karya hagu. Ba sai ya ƙara ba, don kowa ya san abin da ke zaune a kan hanyar hagun. Idanu suka koma kan dakalin Baba.

Lawan ya yi zumbur ya fara cewa wannan ai raini ne, yaro ɗan haya ya zo ya sa a rushe wa dattijo wurin zamansa. Baba bai ko kalle shi ba ya ce, "Lawan, mafici ba ya hannunka." Ana haka aka kira Magariba. Ya sauko daga dakali ya wuce masallaci, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Na kwashe tabarmi ina haɗiye kuka. Ina jin haushin Ɗahiru, ina kuma jin wani irin son sa da ban taɓa ji ba, na rasa wanne zan bi. A raina na riga na gama cewa an ba Lawan.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke na ji ƙarar diga a ƙofar gida. Na leƙa. Baba ne da kansa, ya tuɓe riga daga shi sai 'yar shara, yana fasa dakalinsa, Ejike yana kwashe ɓaraguzai da kwanon sarki. Na koma da sauri na ci gaba da wanke kwanon da na riga na wanke. Can ya shigo tsakar gida da digar a hannu, ƙura har gira, ya ce in ba shi ruwa. Na durƙusa na miƙa masa moɗa. Ya sha ya tambaye ni wa ya ɓoye mafitai. Na ce ni ce. Ya ce rediyon fa, da tabarmi? Na ce duk ni ce, ban kuma sunkuyar da kai ba, don ban ga abin kunya a ciki ba.

Ya girgiza kai ya ce, "Kin so in ji muryarsa, ga shi ta ci min dakali. Ban ji da yawa ba, amma wanda ya tsaya wa maƙwabci a gabana zai tsaya wa matarsa a bayana. Ki ce masa ya turo manyansa."

Kai, jama'a! Da ba don idon Baba ba da na yi guɗa da kaina. Na miƙe zan ruga ɗaki in yi rawata, ina ji a raina babu mai dabara irina a duk Gyadi-Gyadi da Tarauni. Na gyara wa maza zama, na buɗe bakin wanda ba ya magana, na ci aurena da tabarma da mafici.

Sai na ga Inna tsaye a ƙofar ɗakinta. Ta shiga ƙarƙashin gado ta zaro ɗaya daga cikin mafitan da na ɓoye, tana riƙe da shi a ƙirjinta, ba fifita take yi ba. Matar da tun tasowata ban taɓa jin ta katse Baba ba, wadda sau biyu ta kira ni a kan maganar nan na wuce ta na bar ta da baki buɗe.

Ta ce, "An ji na Ejike, an ji na direba. Ni da na haife ta, wa ya miƙo min?"

Duk leƙen da na yi ta yi ta tsagar ƙyaure ina neman wanda aka bari a wutsiyar tabarma, ban taɓa waiwayowa cikin gidanmu ba. Na kalli Baba ko zai ce wani abu. Ya kalli maficin da ke hannunta, ya jingine digarsa a bango, ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna. Ya nuna min ƙasa kusa da shi ya ce, "Zauna, Husaina. Mafici ba ya hannunmu."